Burtali da gona a ƙasar Dakwaro

Nijar ƙasa ce mai faɗi ƙwarai. Girmanta ya kai murabba'in kilomita miliyan 1 da dubu 267, amma kashi biyu cikin uku hamada ce. Ƙasashe 7 ke kewaye da ita: Aljeriya, Libiya, Cadi, Najeriya, Benin, Burkina Faso da Mali. Ba ta da bakin teku. Kayan da jirgin ruwa ya sauke a Kotonu sai sun yi tafiyar kilomita kamar 1000 kafin su iso Yamai. Da aka rufe iyakoki a shekarar 2023, shinkafa da magani suka yi tsada har cikin ƙauyuka.

In ana zancen arzikin Nijar, sai a ce yuraniyom na Arlit, wanda aka fara haƙowa a 1971, ko man fetur na Agadem, wanda aka fara tacewa kusa da Damagaram a 2011. Arziki ne, babu shakka. Amma ba su ke cika rumbu ba. Abin da ke ciyar da mafi yawan mutanen ƙasar shi ne gero, da dawa, da wake, da dabbobi. Shanu da tumaki da awaki da raƙuma suna fita daga kasuwannin jahar Maraɗi su bi ta Jibiya zuwa Kano, wasu har Legas. Da kuɗinsu ake sayen hatsi in damina ta gaza.

Ƙasar Dakwaro tana daidai inda noma da kiwo suka haɗu. Kudu akwai gonakin gero na Kornaka da kewayenta. Arewa, bayan kwarin Tarka, wajen Barmo da Gadabeji, daji ne na ciyawa. Can Fulani da Buzaye ke kiwo. A 1961, shekara guda bayan samun mulkin kai, gwamnati ta kafa doka ta shata iyakar noma ta arewa. A ƙasar Dakwaro iyakar tana bin kwarin Tarka. Arewa da ita wurin kiwo ne, kuma wanda ya yi gona can, in dabba ta shiga masa, ba ya da diyya.

Dokar tana nan, amma gonaki sun daɗe da tsallake iyakar. Me ya kawo haka? Mutane sun yi yawa. A 1960 ƴan Nijar kamar miliyan 3 ne. A ƙidayar 2012 sun wuce miliyan 17. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki da yawa ke raba ta. An daina barin saura ta huta, ƙasa ta gaji. Ga kuma farin 1973 da na 1984, da suka kashe dabbobi ba iyaka, har wasu makiyaya su ma suka ɗauki hauya. Manomin da ya tashi ya yi arewa ba mugunta ta kai shi ba. Yunwa ce.

Duk da haka, noman arewa hasara ce. Ruwan can kaɗan ne, kuma ba ya da tabbas. Shekara guda a samu dammuna, shekara biyu ko iri ba a mayar ba. In an sassabe daji aka tuge ciyawa, iskar hunturu ta kwashe ƙasa ta bar rairayi. Manomi bai samu gero ba, saniya ba ta samu ciyawa ba. Makiyayi kuwa ya san halin dajin. Hadari yana zuba nan ya tsallake can, shi ya sa yake tashi ya bi inda ciyawa ta fito. Wasu na cewa yawo ne kawai. Ba yawo ba ne, sana'a ce mai ilimi: sai wanda ya san rijiyoyi da tabkuna da irin ciyawar kowane kwari ke fitar da garke daga rani da rai.

Tafiyar nan tana bukatar hanya. Da damina garke na hawa arewa ya ba gonaki wuri, da kaka ya gangaro kudu. Hanyar ita ce burtali. To, manomi ya ci taki biyu na burtali bana, maƙwabcinsa ya ci uku baɗi. Wani ya shuka gero har bakin tabki. Ranar da shanu ɗari suka iso, ina za su bi? Sai cikin gona. Daga nan sai cacar baki, sai sanda, wani lokaci har wuƙa. A watan Oktoba na 1991, a Toda, cikin jahar Maraɗi, irin wannan rigima ta ci ran mutane fiye da 100, yawancinsu mata da yara na Fulani.

Makiyaya ma suna da nasu laifi. Akwai mai sakin dabbobi da dare cikin gonar da ba a girbe ba. Akwai mai ba ƙaramin yaro babban garke, wanda ya fi ƙarfinsa. Wahalar damina guda ta tafi cikin dare ɗaya. Irin wannan ɓarna dole a biya ta, kuma a jira ranar sakin gonaki da hukuma ke sanarwa bayan girbi.

Doka ba ta yi ƙaranci ba. A 1993 an kafa dokar karkara, wadda ta kawo kwamitocin filaye da ake kira Kofo. A cikinsu akwai hukuma, da sarakuna, da wakilan manoma da na makiyaya. A 2010 wata doka ta tabbatar da cewa tafiya da dabbobi haƙƙin makiyayi ne, kuma dajin kiwo ba na sayarwa ba ne. Abin da ya rage shi ne aiki da su. Ya kamata a auna kowane burtali, a kafa masa turaku na siminti, a rubuta shi cikin littafin Kofo. Wanda ya tuge turke a hukunta shi, ko talaka ne ko mai kuɗi. Mai kuɗin ma ya fi ɓarna, don shi ke iya kewaye daji da waya, ya haƙa rijiya ya ce ruwan nasa ne shi kaɗai.

Saura manomin da gonarsa ba ta ishe shi ba. Maganinsa yana cikin tsohuwar gonar. Tun wajen 1984 manoman jahar Maraɗi suka fara barin itatuwan da ke tohowa cikin gona, suna yi musu aski maimakon sare su. Gawo ya fi kowane amfani. Yana kaɗe ganyensa da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen kuma ya zama taki. Da rani ƴaƴansa abincin dabbobi ne. Sannan ga tsohuwar al'ada: bayan girbi manomi ya sauki Bafulatani cikin gonarsa. Shanu su ci kara da karmami, su bar kashi. Mai gona ya ba da ƴan tiyoyin gero, ya sha nono. Wurin da garke ya kwana wata guda, da damina ana gane shi daga nesa, don geronsa ya fi na kewaye tsawo da duhun ganye.