Dokin sukuwa a tsakiyar kasuwa

Yau da faɗa na zo. In maganar ta taɓa ka, yi haƙuri ka karanta har ƙarshe, sannan ka yi fushi in ka ga dama.

Kowa ya san amfanin moto, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya suke ce ma babur. Shi ne jakin zamani. Shi ke kai malamin makaranta ƙauye, shi ke kai mai naƙuda gidan likita da tsakar dare, da shi ɗan kabu-kabu yake ciyar da iyalinshi. Ba ni da ƙorafi a kanshi. Maganata a kan wani moto ce dabam, wanda ake kira moton tsere. Ka san shi: mai faɗin taya, mai rufaffen jiki, mai ƙara kamar aradu. Mai tuƙa shi yana kife bisa tanki kamar mai neman allura a ƙasa. Kana ganin irinshi a Yamai, kana ganinshi a Maraɗi da Damagaram. Daga Litinin zuwa Juma'a maigidanshi yana zuwa biro da shi. Asabar da Lahadi kuwa ya tara abokai, su fita bayan gari su buɗe wuta.

Bari in faɗa maka abin da na gani da idona.

Wata Lahadi da la'asar muna komowa daga Madarumfa cikin motar haya. Sai motoci uku na tsere sunka wuce mu kamar walƙiya. Direbanmu ya girgiza kai, ya ce: «Allah ya kai su lafiya.» Ba mu yi nisa ba munka tarar da taron mutane a bakin wani ƙauye. Wata yarinya ce, ba ta fi shekara 10 ba, kwance a gefen kwalta. Faifan gujiyarta ya watse. Can gaba ga moto a yashe, ga mai shi zaune, ƙafa ta karye, yana kuka yana cewa: «Wallahi ban gan ta ba.» Mu munka ɗauki yarinyar zuwa gidan likita. Allah ya yi da sauran kwananta, amma ƙugunta ya karye, har yau da ɗingishi take tafiya. Ubanta manomi ne. Sai da ya saida akuyoyi biyu da hatsin da ya aje don bazara kafin a sallame ta.

Saurayin nan bai yi ƙarya ba. Bai gan ta ba. Kuma ko da ya gan ta, ganin ba zai yi mishi amfani ba. Ɗauko alli mu yi lissafi tare.

Mai tafiyar kilomita 50 a awa yana cin mita 14 cikin daƙiƙa ɗaya. Tsakanin ido ya ga abu da hannu ya kama burki, daƙiƙa guda ta wuce. Mita 14 ke nan. Burki kuma, bisa kwalta mai kyau, yana son kamar mita 14 kafin moto ya tsaya. Duka wajen mita 28. To, mai gudun kilomita 150 fa? Cikin daƙiƙar nan guda ya ci mita 42. Nisan burki kuwa ba sau uku yake ƙaruwa ba, sau tara ne, don in gudu ya ninka, nisan tsayawa ninkin ba ninki yake yi. Sai ya share kusan mita 170 kafin ya tsaya. Wannan ya fi tsawon filin ƙwallo da rabi. Yaro nawa, jaki nawa, amalanke nawa ke iya ƙetare hanya cikin wannan tazara? Kuma ka sani, wanda ya daki bango da gudun kilomita 50, kamar ya faɗo daga sama mita 10 ne. Da gudun 100 kuwa, kamar ya faɗo daga mita 40. Ƙashin ɗan Adam ba ƙarfe ba ne.

Yanzu mu dubi shi kanshi moton. Ƙaramin moton da ka sani, injinshi 100 ne ko 125, ƙarfinshi wajen na doki 10 bisa ma'aunin maƙera injin. Moton tsere injinshi 600 ne ko 1000. Manyansu suna kai ƙarfin doki 200. Cikin kamar daƙiƙa 3 yana tashi daga tsaye ya kai kilomita 100 a awa, tun mai shi bai canza giya ba. A 1999 kamfanin Suzuki na Japan ya fitar da wani mai suna Hayabusa, wanda ya wuce kilomita 300 a awa. Abin ya tsorata har masu ƙera su. Bayan haka manyan kamfanoni sunka yarda tsakaninsu su tsaida gudun motocinsu kada ya haura 300. Ka ji fa! Waɗanda sunka ƙera abin sun sa mishi linzami, kai kuma da ka saye shi hannu na biyu kana neman ka ga ƙarshen allura a hanyar da awaki ke kwana.

Ka ce don zuwa aiki ka saye shi? Zo mu yi gaskiya. An yi motocin nan don kwalta mai santsi wadda babu rami, babu rairayi. Tayarsu roba ce mai taushi, tana kama kwalta, amma da ta taka yashin da iska ta watso bakin hanya sai ta zame. Cikinsu kusa da ƙasa yake, kowane tudun rage gudu sai ya kankare shi. Injinsu da ruwa yake sanyaya, ruwan kuma sai iska ta buga shi yake hucewa. Cikin cunkoson kasuwa, a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ya haura 40, injin yana gasa cinyoyin mai shi. Man da yake sha ya ninka na ƙaramin moto sau biyu ko uku, kuma ba ya son man kwalba na ƴan ruwa-ruwa. In wani abu ya lalace, makanikin unguwa ba shi da kayanshi, sai an yi saƙo waje an jira. Ba ya ɗaukar buhu, ba ya ɗaukar uwargida da yaro. Cikin gari doka ta ce kada a wuce kilomita 50 a awa. Ke nan dawaki 200 ka saya don aikin da doki 10 ke yi. Sauran 190 ɗin me za su yi? Ba za su zauna shiru ba. Kullum suna cikin hannunka na dama suna yi maka raɗa, har ranar da za ka ji maganarsu.

Na san amsoshinku, don na sha jin su a majalisa.

Na farko ya ce: «Kuɗina ne, raina ne.» Kuɗinka ne, gaskiya. Amma hanya ba taka ba ce. Babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Madawa, Maraɗi, Tasawa, Damagaram har Difa, ta ratsa tsakiyar garuruwa da kasuwanni. Ta manomi ce, ta makiyayi ce, ta ƴan makaranta ce. Ƙugun yarinyar nan ba naka ba ne. Akuyoyin ubanta ba naka ba ne. Ran naka ma da kake taƙama da shi, uwarka tana da rabo a ciki, matarka da ɗiyanka suna da rabo.

Na biyu ya ce: «In ajali ya zo, ko bisa tabarma kake sai ka tafi.» Haka ne. Amma malamai sun koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Kai da kake wannan magana, me ya sa kake kulle motonka da sarƙa da dare? Ashe ka yarda da rigakafi in dukiya ce, sai in rai ne kake tuna ƙaddara.

Na uku ya ce: «Manyan motoci da ƴan kabu-kabu sun fi mu yin haɗari.» Wataƙila, don sun fi ku yawa nesa ba kusa ba. Su ma ba mu ƙyale su ba. Amma direban da ya yi ganganci yana neman abinci, laifi ya yi. Wanda ya yi ganganci don nishaɗi, don a tafa mishi, don a ɗauke shi hoto da waya, laifinshi biyu ne. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta faɗa cikin rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya yana kashe mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 a shekara, kuma shi ne ya fi komi kashe yara da samari masu shekara 5 zuwa 29. Afirka ce ta fi ko'ina yawan mutuwar in an auna da yawan jama'a, ga shi kuwa mu ne munka fi kowa ƙarancin motoci. Kayan ya yi mana nauyi tun da farko. Don me za ku ƙara dutse bisa kai?

Na huɗu ya ce: «Hassada ce, don ba ka da shi.» To, na ji. Ni ma na yi ƙuruciya, na san daɗin iska a fuska. Son gudu ba abin kunya ba ne, kakanninmu ma sun so shi. Amma ka dubi yadda sunka yi da shi. Dokin sukuwa yana da filin sukuwa. Ɗan kokowa yana da fage: tun da anka fara kokowar ƙasa a Tawa a 1975, cikin da'ira ake yin ta, da alƙali, da doka. Ka taɓa ganin bahaushe mai hankali ya saki dokin sukuwa tsakiyar kasuwa ranar cinta? In ya yi, sarki zai sa a kamo shi, kuma ba wanda zai ce hassada ce.

Turawan da kuke koyi da su ma sun sha wannan ɗaci. Cikin shekarun 1970 samarin Faris suna taruwa daren Juma'a a babbar kasuwar Rungis suna tseren moto. Da yawa sun mutu a wurin. A 1977 wata budurwa mai suna Carole ta rasu can. Sai hukuma ta gina musu filin tsere kusa da birnin, anka buɗe shi a 1979, anka sa mishi sunanta. Yau a Faransa sabon mai tuƙi ba ya hawan babban moto kai tsaye. Sai ya yi shekara 2 da permin da bai wuce ƙarfin doki 47 ba. Kuma a 2018 sun yi doka: wanda ya yi wasan ganganci da moto bisa hanyar jama'a, ɗaurin shekara 1 ne da tarar kuɗin Turai 15.000, wato kusan miliyan 10 na kuɗinmu. Kun ɗauko moton, kun baro dokar a can.

Ba duka anka taru anka zama ɗaya ba. Akwai masu manyan motoci da suke fita ranar hutu cikin tsari, da hular kwano, da safar hannu, da takalmi, in sun zo ƙauye su rage gudu su ɗaga hannu su gaida mutane. Waɗannan ina gaishe su. Amma ina da magana da su su ma: ku ne ƙananan suke kallo. In kunka bar mai ganganci ya bi ayarinku, kun sa hannu cikin abin da zai aikata.

Ga abin da nake nema, kuma ba shi da wuya.

Kai mai moto, in aiki za ka, yi tafiyar masu zuwa aiki. Sa hular kwano ta ƙwarai, ka ɗaure igiyarta. OMS ta ce hula mai kyau tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau 6. Wadda anka rataya a hannu ko bisa tanki ba ta tsare kan kowa. Nemi permi na gaskiya da asirans. Ƙauye duk da ka shiga, ka ɗauka ɗiyarka ce za ta fito daga bayan danga.

Kai uba, kada ka saya ma yaro mai shekara 18 dawaki 200 don a ce ɗan wane ne. In aure kake yi, ka faɗa ma abokan ango tun da wuri: ba a ɗaga tayar gaba a rakiyar amaryarka. Gidan biki nawa ya koma gidan zaman makoki saboda wannan wasa?

Ku kuma masu son tsere, ku haɗa kai ku kafa ƙungiya, ku je wurin magajin gari ku nemi fili bayan gari. A kewaye shi, a sa alƙali, a aje motar likita kusa. Wanda ya fi gudu a ba shi kyauta, makaɗa su wasa shi, mu ma mu zo kallo mu biya kuɗin ƙofa. Jandarmomi da ƴan sanda kuma su riƙe doka daidai, ko ɗan wa ya taka ta.

Kai kuma mai karatu da ba ka da moto, kada ka ce ba ruwanka. Kai ne kake tsayawa bakin hanya kana ihu kana tafi in sun wuce. Tafinka shi ne man da suke sha. Ka karanta ma waɗanda ba su iya karatu ba wannan takarda, a majalisa da wurin yaƙi da jahilci. In akwai mai irin wannan moto a gidanku, ka miƙa mishi ita hannu da hannu kafin Lahadi mai zuwa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kiyaye mu da ɗiyanmu bisa hanya. Amin.