Zauren Iyali: Askar Kaka da Ƙotarta ta Kantare

A gidajenmu da yawa akwai tsohuwar aska mai ninkewa a ƙasan adaka, wadda kaka ya yi aski da ita shekara da shekaru. In aka duba gindin ƙarfenta, sau da yawa za a ga sunan garin da aka ƙera ta: Thiers a Faransa, Solingen a Jamus, ko Sheffield a Ingila. Ƙarfen yakan yi ƙarko, ƙotar ce ke kantarewa saboda zafin rufin kwano da bushewar hunturu. Idan ta kantare, bakin askar yakan bugi gefenta a wurin rufewa, kaifin ya gimtse, gobe ya tsaga fatar mai aski.

Mun sha ganin an jefar da irin wannan aska, alhali addininmu ya hana almubazzaranci, gyaran kuma bai fi ƙarfinmu ba.

Da farko mu san abin da aka yi ƙotar da shi. Mu goga ta da ƙyalle har ta yi ɗumi, mu sansana. Ƙaho yakan yi warin gashi. Idan kuwa ƙamshin kafur ya tashi, to seluloyid ce, wata tsohuwar roba da aka fara yi a Amurka wajen 1870.

Ƙaho da gashi asalinsu ɗaya, shi ya sa zafi ke tausasa shi. Sai mu goge kan ƴan ƙusoshin da magagari, mu zare su, mu ajiye ƙarfen gefe. Mu tsoma ɓarin ƙotar biyu a ruwan zafi na ƴan mintoci, mu shimfiɗa su tsakanin katako biyu masu santsi, mu ɗora nauyi, su kwana. In ba su miƙe ba, mu maimaita. Matsawa da ƙarfi lokaci guda ita ke fasa su. Daga nan mu shafa ɗan mai, mu mayar da sababbin ƙusoshi na tagulla, mu tabbata askar na sauka a tsakiya.

Seluloyid kuwa abar tsoro ce: tana kama wuta nan take. Kada a kusantar da ita ga garwashi ko kyandir, ruwan ɗumi kaɗai take so. Idan tana warin tsami, ƙarfen kuma ya yi tsatsa daidai inda yake kwanciya cikinta, to ta fara ruɓewa. A cire ta, a sa masassaƙi ya yi sabuwa.

Bayan gyara akwai amana. Ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jinin da ya maƙale a aska. Saboda haka askar gado ta zama ta mutum ɗaya, ranar suna kuwa mu ba wanzami sabuwar reza don kan jariri.

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma ƙaho ya nuna mana cewa busasshe ma yakan miƙe in ya sami ɗumi da haƙuri. Mu tuna da haka ranar da muke shirin yanke ƙauna daga ɗa ko ƙane da ya karkace. Allah Ya shirya mu da zuriyarmu, amin. Sai fitowa ta gaba.