Ina Ake Ƙera Marsandin Manya?

Gardama ce da ba ta ƙarewa a majalisun samari, tun daga tashar Jega har kasuwar albasa ta Aliero. Da zarar wani mai mulki ya gifta cikin Marsandi, ya bule mutane da ƙura, sai musu ya kaure: wannan ya ce 'yar Jamus ce, wancan ya rantse 'yar Beljiyam ce.

To Beljiyam dai ba ta ƙera Marsandi, kwancen Turawa kawai ake lodawa a tashar jiragen ruwanta ta Antwerp, shi ya sa sunan ya bi tsoffin motoci. Doguwar nan S-Class a garin Sindelfingen na Jamus ake yin ta. GLE da GLS kuwa a jihar Alabama ta Amurka. Ita kuma G-Wagon da 'ya'yan manya ke tinƙaho da ita, tun 1979 a birnin Graz na Ostiriya take fitowa.

A nan ne abin takaicin yake. Kamfanin da ya soma ƙera G-Wagon a Graz, wato Steyr, shi ne dai wanda gwamnatin Nijeriya ta haɗa hannu da shi aka kafa masana'antar taraktoci da manyan motoci a Bauchi a shekarun 1970. Uwa ɗaya ta haife su. Ta Graz har gobe tana ciyar da dubban ma'aikata, ta Bauchi kuwa an bar ta ta durƙushe, alhali manomin Maiyama yana nan da fartanyar da ya gada. Haka ANAMMCO ta Inugu, wadda aka buɗe a 1980 domin haɗa manyan motocin Marsandi, Jamusawa suka janye hannunsu daga cikinta. Fijo ta Kaduna, da ta soma aiki a 1975, ta tsaya da ƙafarta ne lokacin da 504 take motar gwamnati. Da mahukunta suka ga ta yi musu kaɗan, sai ta shiga rama.

Kada wani ya ce wai Afirka ce ba ta iyawa. A East London ta Afirka ta Kudu ana ƙera C-Class, har a loda wa Turai.

Ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tana yaye samari. Kuɗin mota guda da wani zai aika Graz, su nawa zai ɗauka aiki? Da yawansu suna nan bakin kasuwa da takardunsu, suna ɗora buhunan albasa a kan tirela, ita ma ƙirar waje.