Haɓon yara a Hadeja: ba kullum sauro ke da laifi ba

A fadamar Kogin Hadeja, inda ambaliyar damina ke barin ruwa kwance, yaro na yin haɓo ko dasashinsa ya zubar da jini sai a zargi maleriya. Akwai hujja, domin tana rage ƙwayoyin da ke tsayar da jini. Amma wasu yaran garkuwar jikinsu ce ke lalata waɗannan ƙwayoyi, sau da yawa bayan mura. Ba gado ba ne irin na sikila. Bambancin ƙwayoyin halitta dai kan sa wani ya fi wani saurin kamuwa. Akasarinsu kan warke cikin watanni. Haɗarin yana kemis: asfirin na ƙara zubar jini. Kamata ya yi hukumomin lafiya na Jigawa su sauƙaƙa gwajin ƙidayar jini har a ƙananan asibitoci.