SANIN DUNIYA: Nauyin da ido ba ya gani

Duk yaron da ya taɓa tsaron gero a ƙasar Magariya ko Dungas ya san majajjawa. In ana juya dutse da sauri ƙwarai, sai igiya mai ƙarfi ke riƙe shi. In igiyar ba ta da ƙwari, ta tsinke, dutse ya yi gaba. To, taurari ma haka suke. Garke-garke suke, kowane garke yana juyawa. Igiyar da ke riƙe da su ita ce nauyi, wato ƙarfin nan da ke maido dutse ƙasa in an jefa shi sama.

A shekarar 1933 wani masani, Fritz Zwicky, ya auna gudun waɗansu garkunan taurari, ya ga nauyin abin da ake gani bai isa ya riƙe su ba. Ba a kula da maganarsa sosai ba. Sai cikin shekarun 1970 wata Ba'amurkiya, Vera Rubin, ta tarar taurarin gefen garke suna gudu kamar na ciki. Bisa lissafi, da tuni sun watse. Amma ga su nan daram. Ashe akwai wani abu mai nauyi da ba ya ba da haske, ba ya kuma tare shi. Masana suka sa masa suna "baƙin abu", ko da yake sunan bai dace ba, tun da baƙi ana ganinsa. Awo ya nuna nauyinsa ya ninka na dukan abin da ake gani wajen sau 5.

Saura a kama ƙwayarsa. A jihar Dakota ta Kudu, ƙasar Amurka, masana sun shiga wani tsohon ramin zinariya, suka sauka zurfin kusan mita 1,500. Rijiya gaba ashirin wasan yara ce! Sun sauka can ne don dutse ya tare waɗansu ƙwayoyin da ke zubowa daga sama, kada su ruɗe awo. Sun ajiye tulun ƙarfe da tan 7 na wani ruwa mai sanyi ƙwarai, wai shi zinon, suna jiran ƙwayar ta buge shi ya yi 'yar walƙiya. A 2024 suka ba da sanarwa: kwana 280 ana tsaro, ba ta faɗa tarko ba. A Italiya ma, ƙarƙashin dutsen Gran Sasso, an kafa irin wannan tarko.

Waɗansu masana kaɗan sun ce lissafin nauyin ne ke son gyara. Mafi yawa dai suna kan cewa abin yana nan, tarkon ne bai kai ba tukuna.