Horace Carter: Editan Da Ya Ƙi Yin Shiru

A daren 22 ga Yulin 1950, jerin gwanon motoci ya ratsa garin Tabor City da ke Jihar Karolina ta Arewa a Amurka, cike da mutane sanye da fararen riguna, fuskokinsu a rufe. 'Yan ƙungiyar Ku Klux Klan ne, masu ƙyamar baƙar fata, suka zo nuna ƙarfi. Daga cikin waɗanda suka tsaya bakin titi suna kallo har da Horace Carter, matashi mai shekara 29, tsohon sojan ruwa wanda ya yi aiki a tekun Atlantika da na Fasifik lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan an sallame shi ne ya zo garin, ya kafa jaridar mako-mako mai suna Tabor City Tribune a 1946.

A fitowar jaridar ta gaba ya rubuta sharhi yana Allah wadai da ƙungiyar, bai kuwa sassauta ba har tsawon shekara uku, inda ya buga labarai da sharhuna sama da 100.

A ganinmu, girman wannan aiki yana cikin ƙanƙantar garin ne. Editan babban birni kan soki wanda ba su taɓa haɗa ido ba, ya tashi aiki ya ɓace cikin jama'a. Carter kuwa yana zaune ne a garin da kowa ya san ƙofar gidan kowa. Waɗanda yake suka maƙwabtansa ne. Wasu ma su ke ba shi tallar da jaridar ke rayuwa a kanta. Aka janye talla, aka yi ta aika masa da barazana shi da iyalinsa, mutane da dama suka juya masa baya, ba don duk suna goyon bayan ƙungiyar ba, sai don tsoro. 'Yan Klan sukan ɗauke mutum da dare su zane shi da bulala, baƙi da farare, da sunan gyaran tarbiyya. Hujjar da kowane ɗan daba ke fakewa da ita ke nan idan ya ɗauki doka a hannunsa, can da nan.

Da aka tabbatar an tsallake da waɗansu zuwa Karolina ta Kudu don a doke su, laifin ya zama na tarayya, hukumar FBI ta shigo, ta fara kame a 1952. Kotuna suka hukunta 'yan ƙungiyar fiye da 100, har da jagoransu Thomas Hamilton. A 1953 jaridar Carter da maƙwabciyarta ta Whiteville, wadda Willard Cole ke edita, suka raba lambar yabo ta Pulitzer ta hidimar jama'a.

Muna tambaya: a ƙananan garuruwanmu, inda sai wakili ya taso daga babban birnin jiha bayan ƙura ta lafa, wa zai riƙa rubuta abin da ke faruwa mako bayan mako?

Carter ya shafe shekarun baya na rayuwarsa yana rubutu kan kamun kifi. Ya rasu ranar 16 ga Satumbar 2009, yana da shekara 88.