Wasiƙa a Buɗe ga Masuntan Tafkin Madarunfa Kan Na'urar Gano Kifi

Zuwa ga Sarkin Ruwa, da dattawan su, da matasa masu kwalekwale na Madarunfa da Safo da ƙauyukan bakin Gulbin Maraɗi.

  

Dalilin wannan takarda shi ne wata na'ura da matasanmu ke yawan gani a wayoyinsu: masunci zaune cikin jirgi, gabansa ɗan allo yana nuna masa ƙasan ruwa da kifin da ke wucewa. Ranar da za ta zama ruwan dare a tafkunanmu ba ta da nisa. Ina so kafin wani ya sayar da akuyarsa ya saye ta, mu san yadda take aiki, da yadda ake ɗaura ta, da abin da ya dace mu nema a wajenta.

Aikinta irin na amsa-kuwwa ne: ka leƙa rijiya ka yi kira, muryarka ta dawo maka. Na'urar kashi biyu ce, allon da ke cikin jirgi da wani ɗan dunƙule da ke shiga ruwa, wanda zan kira kunne. Kunnen yana tura sauti ƙasa, sautin da ɗan Adam ba ya ji, sannan ya saurari dawowarsa. Sauti yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa guda cikin ruwa, don haka a zurfin mita 3 zuwa da dawowa ba ya wuce kashi 4 cikin 1,000 na daƙiƙa. Da wannan ɗan lokaci na'urar ke lissafa zurfi. Kifi kuwa jakar iskar da ke cikinsa ce ta fi mayar da sautin. Dabarar ta daɗe a duniya. Bayan nutsewar jirgin Titanic a 1912, Bajamushe Alexander Behm ya yi rajistar hanyar auna zurfin teku da sauti a 1913, kuma a 1948 wasu ƴan'uwa biyu, ƴan gidan Furuno a yankin Nagasaki na Japan, suka fara sayar wa masunta na'urar gano kifi. Ku lura da wannan jeri: auna zurfi aka fara, neman kifi ya biyo baya.

Duk kyan na'ura, in aka ɗaura kunnen ba daidai ba, allon ƙarya zai faɗa muku. A Amurka masu kamun kifi sukan ɗaura shi a jikin ƙaramin injin batir mai farfela, wanda ke tura jirgi a hankali ba ƙara. Wanda Allah ya hore wa irin wannan inji a cikinku, ga yadda zai yi. Ya samo zoben ƙarfe mai kusa irin na ɗaure tiyo, wanda ba ya tsatsa. Ya ɗaure kunnen a ƙarƙashin gangar injin, gaba da farfela, fuskarsa mai sulɓi tana kallon ƙasa sak. In ta karkata ko kaɗan, sautin zai tafi gefe, zurfin da allon zai nuna ya fi na gaskiya, kifin ma ya fito a gutsure. Ya matse zoben har kunnen ya daina motsi, amma kada ya matse har robar ta tsage, don da zarar ruwa ya shige shi ya tashi aiki.

Sai waya, wadda a nan ne aka fi yin asara. A biyo da ita ta jikin sandar injin ana ɗaurewa da roba ko tef, a bar mata sassauci a sama yadda injin zai juya dama da hagu, a kuma ɗaga shi a sauke ba tare da ta tsinke ba. Kada a yanke ta don ta yi tsawo. A naɗe ragowar a ajiye. Kada a haɗa ta wuri guda da wayoyin wutar injin, kuma in da hali na'urar ta sami nata ƙaramin batir mai bolt 12 da fiyus ɗinsa. Idan suna shan wuta daga batir ɗaya, da an tayar da inji sai allon ya cika da zane-zane marasa ma'ana. Ƙaramin faifan sola ya isa ya cika wannan batir.

Mafi yawanmu dai filafili da gora ne injinmu, kuma wannan bai hana amfani da na'urar ba. Abin kiyayewa shi ne kada a ajiye kunnen a cikin kwalekwale da zaton sautin zai ratsa katako. Ba zai ratsa ba, katako shanye shi yake yi. A sami sanda mai ƙwari ko guntun bututu, a kafe kunnen a ƙarshensa, a ɗaure shi tsaye a gefen jirgi yadda kunnen zai sauka kamar tafin hannu guda ƙasa da gindin kwalekwalen. A sa shi a gefen da ba a tuƙi, saboda kumfar da filafili ke tayarwa tana toshe sauti. A yi ɗaurin yadda za a iya ɗaga sandar da sauri in an shiga cikin bado ko an kusa gaɓa, kuma a nisanta shi da inda ake jawo taru. Fuskar kunnen a riƙa wanke ta da ruwa da tsumma. Ban da fetur, ban da kankara da wuƙa. In an fito da shi daga ruwa, a kashe na'urar.

Ranar farko kada ku nemi kifi. Ku ɗauki gora mai alamar mita, ku auna zurfi da hannu a wurare uku ko huɗu, ku gwada da abin da allon ya nuna. Na'urar daga fuskar kunne take fara ƙirga, don haka sai an ƙara tazarar da ke tsakaninsa da saman ruwa. Sannan ku kashe ƴan hotunan kifin nan da allon ke zanawa, domin ciyawa da kumfa da reshen itace duk kifi take kiransu. Ku koyi karanta zanen ainihi. Ƙasa mai tauri takan fito da layi mai kauri da haske, taɓo kuwa layinsa mai rauni ne. Kifin da ya ratsa ta ƙarƙashinku yakan fito a lanƙwashe.

Yanzu ga gaskiyar da mai sayarwa ba zai faɗa muku ba. Sautin yana buɗewa ne sannu a hankali yayin da yake sauka. A irin kunnen da aka fi samu, faɗin wurin da yake gani kusan kashi ɗaya cikin uku ne na zurfin ruwan. Ke nan a mita 3, abin da yake gani bai wuce faɗin mita guda ba. An yi wannan na'ura ne da ruwa mai zurfi a zuciya, tafkinmu kuwa ƴan mitoci ne ko da damina ta cika. Karfasa tana gudun inuwar jirgi tun kafin ya iso kanta. Tarwaɗar da ta kwanta a ƙasa takan haɗe da layin taɓo a allo, gaiwar da ta shige laka kuwa ba za a gan ta ba sam. Dattijon da ya san inda giwan ruwa ke fakewa da yadda iskar hunturu ke sauya wurin kifi ya fi allon sani nesa ba kusa ba. Matasa, kada allo ya raba ku da zama gaban waɗannan dattawa.

To, mene ne amfaninta a gare mu? Babban amfaninta shi ne ta nuna mana halin da tafkin kansa yake ciki. Kowa ya san Gulbin Gabi da Gulbin Maraɗi suna shigo da yashi da laka kowace damina, kuma tun da aka gina madatsar Jibiya a jihar Katsina zuwan ruwan gulbi ya sauya. Muna cewa tafki yana cikewa, amma da baki kawai muke faɗa. Na'ura guda ɗaya a hannun ƙungiyar masunta ta isa ta mayar da wannan magana lissafi. A zaɓi layuka daga gaɓa zuwa gaɓa, a yi musu alama da itatuwan da kowa ya sani, a bi su sau biyu a shekara, bayan ɗaukewar damina da kuma tsakiyar bazara, a rubuta zurfin a littafi tare da kwanan wata. Bayan ƴan shekaru littafin zai nuna inda yashi ke ci da inda gurbi ya rage. Tun 2019 tafkin Madarunfa yana cikin jerin wuraren ruwa masu daraja na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Masuntan da suka je gaban magajin gari ko ma'aikatan ruwa da gandun daji da irin wannan littafi a hannu, maganarsu kan yashe tafki da dasa itatuwa a bakin gulbi za ta yi nauyin da koke kawai ba shi da shi.

Akwai kuma haɗarin da nake roƙon Sarkin Ruwa ya duba tun yanzu. Da bazara, in ruwa ya ja baya, manyan kifaye sukan taru a gurabu masu zurfi, kuma su ne iyayen kifin baɗi. Gano waɗannan gurabu shi ne abin da na'urar ta fi iyawa. In kowa ya bi allo ya zuba taru a kansu, kasuwa za ta yi daɗi shekara guda, sannan a daɗe ana kuka. Shawarata ita ce gurbin da aka gano a sanar da shi ga kowa a taron ƙungiya, a kuma amince a bar shi ya huta daga tsakiyar bazara har ruwa ya dawo kifi ya yi ƙwai. Wannan ya tafi tare da abin da doka da al'ada suka riga suka hana, wato taru mai ƙananan ido da zuba guba a ruwa.

Saboda haka, ƴan'uwa, kada kowa ya ci bashi don ya mallaki tasa. Ku haɗa kuɗi ku sayi guda, ku damƙa ta ga matasa biyu masu karatu da dattijo guda da ya san ruwa, ku ɗaura kunnen yadda ya kamata, ku fara da awo da rubutu. Kakanninmu sun bar mana wannan tafki da kifinsa, ga kaburburan waliyyai kewaye da shi ana ziyarta daga nesa. Haƙƙi ne a kanmu mu san zurfinsa, mu kare iyayen kifinsa, mu miƙa shi ga ƴaƴanmu yana ciyar da gida.

Allah ya ba da sa'a, ya tsare ku a kan ruwa, ya sa albarka a sana'a.

Wassalam.

Naku,
Ɗan'uwanku daga Safo